Yadda Ake Gane Tsarin Wutar Injin Jirgin Ruwa da Yadda Ake Saita Shi

Injin jirgin ruwa mai amfani da fetur yana buƙatar abubuwa uku kafin ya tashi: mai da ya gauraya da iska daidai gwargwado, matsi mai ƙarfi a cikin silinda, da tartsatsin wuta da zai faɗa a bakin fulogi a daidai lokacin da ake buƙatarsa. A kan na ukun za a yi bayani a nan. Injin dizal ba ya cikin wannan magana, domin shi zafin matsi ne ke kunna masa mai, ba shi da fulogin tartsatsi. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauki sufana ya fara juya taimin, wato saitin lokacin da tartsatsin ke faɗawa, tun bai san irin tsarin wutar da ke jikin injinsa ba, alhali gwajin da ba ya cutar da wani tsari yana iya ƙone wani nan take.

Gane irin tsarin da ke jikin inji

Za a fara ne da faranti ko takardar da kamfani ya manna a jikin inji, mai ɗauke da lambar samfuri da lambar injin kansa. A injin da ake maƙalawa a bayan jirgi, yawanci tana jikin ƙarfen da ke riƙe shi da katakon baya, a injin da ke zaune cikin jirgi kuwa tana jikin gangar injin ko a kan murfinsa. Da waɗannan lambobi ake neman littafin kamfani, wanda a cikinsa ne kaɗai za a sami adadin digirin taimin da gibin fulogi na wannan injin. Sai dai injin da ya daɗe yana sauya hannu ba lallai ba ne a same shi yadda ya baro kamfani, saboda haka ido ne zai tabbatar da abin da takarda ta faɗa.

Idan injin bayan jirgi ne, a cire murfinsa a dubi fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke samansa, sannan a bi wayar fulogi a ga inda ta nufa. In ta shige ƙarƙashin fulawil kai tsaye, kuma babu wani akwati a gefen inji, to tsohon tsarin magneto ne mai kwantak da kondensa, wanda maganaɗisun da ke cikin fulawil ke samar masa wuta ba tare da batir ba. In kuwa kowane fulogi yana da ƙaramin koyil a kusa da shi, da siraran wayoyi da suka tafi wani akwati da aka cike da roba mai tauri ba a iya buɗe shi, to tsarin CDI ne. A wannan tsari, maganaɗisu yana wuce naɗin wayar da ke ƙarƙashin fulawil, wato sitato, ya samar da wuta ta ɗaruruwan volt, kafasita da ke cikin akwatin ta tara ta, sai wani ƙaramin naɗi na daban ya ba da alamar cewa lokaci ya yi, a sake ta gaba ɗaya zuwa koyil, shi kuma ya ɗaga ta zuwa dubban volt da za su tsallake gibin fulogi.

Injin cikin jirgi yawanci injin mota ne da aka gyara don aikin ruwa, saboda haka za a ga koyil guda ɗaya da distiributo mai wayoyi iya adadin silinda. A buɗe hular distiributon a cire rota. Idan aka ga ƙananan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa tare da kondensa mai kama da ɗan ƙaramin gwangwani, tsarin kwantak ne, wanda asalinsa ke komawa ga Charles Kettering da motocin Cadillac na wajen 1910. Idan babu su, sai wani faifai mai haƙora ko tagogi da ke wuce na'urar ji, to tsarin lantarki ne marar kwantak, irin su Thunderbolt na MerCruiser ko EST na Delco. Sababbin injuna masu fesa mai ta allura kuwa kwamfuta ce ke yanke musu lokacin wuta, kuma mafi yawansu ba su da taimin da za a juya da hannu. Abin da ya rage wa mai irin wannan inji shi ne fulogi, tsabtar wayoyi, da karanta lambar matsala da na'urar da aka yi don haka.

Akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe da kyau, wato yadda ake kashe kowane tsari. Tsarin batir da koyil ana kashe shi ne ta hanyar yanke masa wuta. Magneto da CDI kuwa su ke samar wa kansu wuta, don haka ana kashe su ne ta hanyar haɗa wata waya da jikin inji, abin da kanikawa ke kira as. Wannan waya baƙa ce mai ratsin rawaya a injunan Mercury da Johnson da Evinrude, fara ce a na Yamaha. Wanda ya saba da mota yakan zaci wayar shigar wuta ce, ya jona mata volt 12 daga batir, sai akwatin CDI ya mutu murus.

Kayan mota ba na jirgi ba ne

Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana sauka ƙasa iska ta kwashe shi, a jirgi kuwa yana taruwa a gindin ɗakin inji ba shi da mafita, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Wannan ne ya sa distiributo da sitata da altaneta na jirgi ake rufe su ko a sa musu raga mai kashe harshen wuta, kuma ana rubuta musu SAE J1171 ko ISO 8846 a jiki. Distiributon mota zai shiga ramin daidai, injin ma zai tashi, amma bai halatta a sa shi ba. Ban da haɗarin wuta, na mota yana da kwano mai ƙara taimin ta hanyar zuƙar iska, an yi shi ne don injin da ke hutawa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, alhali injin jirgi kullum yana cikin ja ne kamar motar da ke hawan tudu da kaya. Kafin kowane gwaji a buɗe ɗakin inji, a kunna fankar fitar da tururi na aƙalla minti 4, a kuma sa hanci a shinshina. Haka nan kada a tayar da inji ba tare da ruwan sanyaya shi ba ko da na ɗan lokaci ne, domin robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin daƙiƙu kaɗan.

Fulogi, sannan ƙarfin tartsatsi

A cire fulogai a jera su bisa tsarin silindarsu, domin kowanne yana ba da labarin abin da ke faruwa a ɗakinsa. Launin ƙasa-ƙasa mai haske alama ce ta lafiya. Baƙin toka busasshe yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ba ta da ƙarfi, fari tas mai ƙuraje yana nuna zafi ya wuce kima, wanda yawan taimin ko ƙarancin mai ke kawowa. Fulogin da ya fito fes kamar an wanke shi, alhali 'yan uwansa suna da launi, ba abin murna ba ne, ruwa ne ke shiga wannan silindar, kuma babu saitin wutar da zai magance wannan.

A sayi lambar da littafi ya ambata, kada a sayi mai kama da ita. A fulogan NGK, idan lamba ta ƙaru fulogin ya fi sanyi, a na Champion kuwa akasin haka ne, shi ya sa canji da ka yake jawo asara. A lamba irin BR7HS-10, harafin R yana nuna akwai abin rage hayaniyar lantarki a ciki, 10 na ƙarshe kuma yana nufin gibin milimita 1.0. Gibin yawancin injuna yana tsakanin milimita 0.7 da 1.0, ana auna shi da gejin waya, ana gyara shi ta lanƙwasa ƙarfen gefe kawai. Akwai kuma fulogi mai shafaffen baki wanda ba shi da ƙarfen gefe, shi ba a saita shi. Wajen mayarwa a fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan a ƙara kamar rabin juyi idan washarsa sabuwa ce, domin kan silinda na alminiyom ba ya jure ƙarfin hannu.

Gwajin da aka saba yi, na ɗora fulogi a jikin inji a ja igiya a ga ko ya kawo wuta, yana yaudara ƙwarai. Tartsatsi yana tsallake milimita ɗaya cikin sauƙi a sarari, amma a cikin silinda, inda iska take a matse, yana buƙatar ƙarfi ninkin haka. Abin da ya dace shi ne ma'aunin tartsatsi mai gibin da ake buɗewa. Tsarin CDI na Johnson da Evinrude, alal misali, ana son ya tsallake milimita 11, magneto mai kwantak kuma wajen milimita 6, da wuta shuɗiya mai ƙara, ba ja mai laushi ba. Duk wayar fulogin da ba a gwada ta a lokacin, a haɗa ta da jikin inji, kada a bar ta a sake, domin wutar da ta rasa mafita takan huda koyil daga ciki. Kuma batir ya kasance da caji sosai, saboda CDI da yawa ba sa ba da wuta idan juyin tayarwa ya gaza 250 zuwa 300 a minti.

Idan babu wuta ko kaɗan a dukkan silinda, kafin a zargi akwati mai tsada a cire wayar kashewa da aka ambata a sake gwadawa. In wuta ta dawo, laifin na makulli ne ko na makunnin igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a hannu. A injin cikin jirgi, agogon juyin inji da ya lalace yana iya kashe wuta ta wayarsa da ke jikin koyil, haka ma ƙaramin makunnin da ke jikin tsarin giya na Alpha One na MerCruiser, wanda aikinsa shi ne yanke wuta na ƙiftawar ido don giya ta fita. Idan silinda ɗaya ce kawai ta mutu, a musanya koyil ɗinta da na maƙwabciyarta a ga ko matsalar ta bi shi. Sitato da naɗin ba da alama ana auna su da mita, amma mita ta gama-gari ba ta kama wutar da ke zuwa a fizge, sai an haɗa mata abin kama ƙololuwar wuta da ake kira DVA. Sau da yawa ma ba a kaiwa nan, domin tsatsa da gishirin ruwa a wurin da wayar as ta haɗu da jikin inji su ne ke haddasa abin da ake ɗora wa akwati, an bar jaki ana dukan taiki.

Tabbatar da alamar taimin

Taimin shi ne adadin digirin da wuta ke faɗawa kafin fistin ya kai ƙololuwar tafiyarsa, littattafan kamfani suna rubuta shi da BTDC. Dalilin riga fistin shi ne mai yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya ƙone, kuma da yake wannan lokaci bai cika canzawa ba, dole wuta ta ƙara sammako yayin da inji ke ƙara gudu. Duk wannan lissafi ya dogara ne da alamar da ke jikin fulawil ko fulin gaba, idan alamar ta yi ƙarya, komai ya rushe.

Na taɓa ɓata yini guda a kan wani inji mai ƙarfin doki 40 da ke da wuta shuɗiya tangaran amma yana tari yana fizge igiya daga hannu. Na canza fulogi, na musanya koyil, na wanke kabireta sau biyu. Sai da yamma mai jirgin ya ambata cewa farfela ta bugi kututture a ranar da abin ya fara. Da na zare fulawil, sai ga ɗan makullin ƙarfe mai siffar rabin wata, wanda ke riƙe fulawil a matsayinsa a kan shaf, ya tsage gida biyu, fulawil ya zame kaɗan, maganaɗisu yana isowa a lokacin da ba nasa ba. Tun daga ranar, tambayar farko da nake yi ita ce ko farfela ta bugi wani abu. Fulawil da abin zarewa na musamman ake cire shi, ba da guduma ba, a kuma mayar da shi a kan shaf mai tsabta busasshe, a ɗaure notin da ma'aunin ɗauri.

A inji mai bugu biyu ana tabbatar da alamar da wani ƙarfe mai tsayar da fistin. A cire batir da fulogai, a juya fulawil da hannu ta hanyar da yake juyawa har alamar ƙololuwa ta ɗan wuce manuni, wato ɗan tsinken da ke nuna alamar, a ɗaura ƙarfen a ramin fulogi na ɗaya har ya taɓa fistin, a yi zane a kan fulawil daidai manuni. A ci gaba da juyawa ta wannan hanyar dai, ba da baya ba don kada fikafikan robar famfon ruwa su karye, har fistin ya sake taɓa ƙarfen, a yi zane na biyu. Tsakiyar zanen biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya, a cire ƙarfen, a juya fulawil har tsakiyar ta zo daidai manuni, sannan a gyara manuni ya dace da alamar ƙololuwa da ke jikin fulawil. A injin cikin jirgi kuwa, fulin gaba zobe biyu ne da roba a tsakaninsu, kuma idan robar ta tsufa zoben waje mai ɗauke da alamar yakan zame.

Kwantak kafin taimin

Wanda injinsa ke da kwantak ya sani cewa gibin kwantak yana canza taimin, amma taimin ba ya canza gibin, saboda haka da gibin ake farawa. Yayin da robar da ke goga shaf take cinyewa, gibin yana raguwa, wuta kuma tana ƙara makara, wannan ne ya sa inji ke yin sanyi a hankali ba tare da an taɓa komai ba. A juya inji har robar ta hau ƙololuwar tudun shaf, a sassauta sukuru, a saita da gejin fila. A tsofaffin magneto na Johnson da Evinrude gibin milimita 0.5 ne, kuma idan silinda biyu ne dole kwantak biyun su zo daidai da juna. Bayan an gama a ja farar takarda mai tsabta a tsakanin bakunan biyu, domin ɗan maiƙon da geji ya bari ya isa ya hana wuta. A canza kondensa tare da kwantak koyaushe.

A distiributo, mita mai auna digirin da kwantak ke kasancewa a rufe ta fi geji gaskiya, musamman idan bakunan sun fara rami. A injunan V8, wato masu silinda takwas, na General Motors ana neman digiri 28 zuwa 32. Idan adadin yana yawo fiye da digiri 3 yayin da aka ƙara totur, shaf ɗin distiributon ya yi lako-lako, saiti ba zai zauna ba sai an gyara shi. A kuma murɗa rota da yatsu a sake ta: ya kamata ta ɗan tafi ta dawo da kanta, in ta ƙi, ƙarafan da ke ƙara taimin a ƙasanta sun yi tsatsa, matsalar da ta zama ruwan dare a jirgin da ya daɗe a ajiye.

Saita taimin ɗin kansa

A injin cikin jirgi, a bar shi ya ɗumama, a saita silo, wato juyin inji ba tare da an ba shi totur ba, yadda littafi ya ce, a shafa alli a kan alamar, a maƙala fitilar taimin a wayar fulogi na ɗaya, a kiyaye hannu da wayoyi daga bel. Wasu tsare-tsaren lantarki dole a fara sa su a yanayin saiti, in ba haka ba suna gyara taimin da kansu yayin da ake aunawa. A Thunderbolt V, misali, ana haɗa waya mai launin shunayya da ratsin fari da jikin inji. A sassauta notin da ke riƙe distiributo kaɗan kawai. Juya shi akasin hanyar da rota ke bi yana ƙara taimin, bin hanyar rota yana rage shi, kuma motsi ɗan ƙanƙani digiri da yawa ne. Injunan V8 da dama suna zama a digiri 8 zuwa 10 a silo, amma lambar da ke kan takardar injin ita ce hukunci. Idan an cire wayoyin fulogi gaba ɗaya, jerin wutar ƙaramin V8 na Chevrolet shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2, sai dai a tsofaffin jirage masu inji biyu akan sami ɗaya yana juyawa da baya, nasa jerin 1-2-7-5-6-3-4-8 ne. Bayan an ɗaure notin a sake haskawa, domin ɗauri yakan ja distiributo. Sannan a ƙara totur a hankali zuwa wajen juyi 3000 a ga alamar tana tafiya sumul ba tare da tsalle ba, ta tsaya a jimillar da littafi ya faɗa.

Injin bayan jirgi mai kabireta nasa ya fi ɗaukar hankali, domin hannun totur ɗaya ne ke juya farantin taimin kuma yake buɗe kabireta, dole a daidaita su su tafi tare. Taimin ne ke fara ƙaruwa, sannan wani lanƙwasasshen ƙarfe ya taɓa ƙaramar tayar da ke buɗe kabireta a daidai wani zane da ke jikinsa. Idan kabireta ta riga buɗewa, inji zai shaƙe duk lokacin da aka ba shi totur, mutum ya yi ta wanke kabiretar da ba ta da laifi. Daga nan sai sukurun da ke tsayar da faranti a iyakar taimin, wanda shi ne saiti mafi haɗari a injin gaba ɗaya. Wasu kamfanoni suna so a auna shi ana juya inji da sitata fulogai a cire, wasu kuma sai inji yana cikakken gudu a ruwa yana jan kaya, mutum ɗaya yana tuƙi ɗaya yana riƙe fitila. Ba a yin wannan awo da tiyo a kan tudu, domin injin da ba ya jan komai yana iya ƙwacewa da gudu ya farfasa kansa.

Jarrabawar ƙarshe a ruwa ake yin ta, da kayan da jirgin ya saba ɗauka. A buɗe totur gaba ɗaya a dubi agogo, juyin ya faɗa cikin iyakar da kamfani ya gindaya, wadda a injunan bayan jirgi masu bugu biyu da yawa take tsakanin 4500 da 5500. Idan bai kai ba, kada a yi gigin ƙara taimin don cike gurbin. A duba girman farfela, da gansakuka da ƙwanson da suka manne a ƙasan jirgi, a kuma tuna cewa injuna da yawa suna rage gudu da kansu idan sun yi zafi ko baƙin mai ya yi ƙasa. Ƙarin digiri biyu ko uku yana sa inji ya yi daɗin ji a silo, amma a cikakken gudu yana haddasa fashewar mai ba bisa ƙa'ida ba, ƙarar da a mota ake jin ta kamar tsakuwa a cikin gwangwani, a jirgi kuwa rugugin ruwa da iska ke rufe ta har sai fistin ya huje. Bayan tafiyar minti 10 zuwa 15 a kashe inji a sake cire fulogai. Idan aka ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar garin alminiyom a kan farin tangaran ɗinsu, a rage taimin kafin a sake tayar da shi. Idan kuma injin yana tafiya lafiya da sanyi amma ya fara ɗauke wuta bayan ya yi zafi, a gwada koyil da sitato nan take tun suna da zafin, domin da zarar sun huce za su nuna lafiya lau a kan mita.